Karen Bana da Tsohuwar Cutar da Yake Ɗauke da Ita

Da asuba, kafin ’yan acaɓa su cika titin Bosso, karnuka ne masu gari. Siraran jajaye ne galibi, kunne a miƙe, wutsiya a naɗe, suna sunsuna bola daga Tunga har Maitumbi. Rana na ɗagawa sai su koma ƙarƙashin matattun motoci a garejin makanikai. Da rani kuma maharban ƙauyukan Gwari da ke kewaye da Minna kan tasa su gaba zuwa daji neman zomo da gafiya.

Bahaushe bai taɓa yanke wa kare hukunci ɗaya ba. Zagi ne a ce da mutum kare, amma shi ake bar wa tsaron gida idan dare ya raba. Mai aikata abin da ya ga dama, mukan ce yana cin karensa babu babbaka. Faɗan da ya yi tsanani kuwa, an yi kare jini biri jini. Malamai kuma na tuna mana karen Ashabul Kahfi da ya kwanta a bakin kogo, da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

An ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Gaskiya ne a fagen farauta. Amma a jikin wani karen bana akwai ragowar karen da, wanda ya mutu shekaru dubbai da suka wuce.

Duk wanda ya daɗe da karnuka ya san alamar. Za ka ga karya tana ɗigar da jini daga bayanta alhali ba lokacin barbara ba ne, tana yawan lasar wurin. Idan aka duba, sai a tarar da wani jan tsiro mai gudaji-gudaji, da an taɓa shi sai jini. Namiji ma yana samunsa a gabansa. Sankara ce, amma ta saɓa wa sauran, domin ɗaukarta ake yi. Wajen barbara ƙwayoyin tsiron kan ɓalle daga jikin wannan su dasu a jikin wancan, kamar yadda ake dashen mangwaro. Lasa da sunsuna kan kai ta baki ko hanci. Mutum dai ba ya ɗauka.

Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Nobinski, shi ya nuna a 1876 cewa ana iya dasa tsiron daga kare zuwa kare. A 2006 masana a Landan suka tabbatar ƙwayoyinsa ba na karen da ke ɗauke da shi ba ne. Binciken da ayarin Elizabeth Murchison ta Jami’ar Kambirij ya fitar a 2019, kan tsiro 546 daga ƙasashe 43, ya nuna duka daga kare guda suka samo asali, wanda ya rayu a nahiyar Asiya shekaru 4,000 zuwa 8,500 da suka wuce. Shi ya mutu, ƙwayoyinsa suka ƙi mutuwa, suka bi jiragen ruwa da hanyoyin fatake har suka zaga duniya.

An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Haka masu ɗakin gwaji suke, su ma sai sun gani. Da farko akan manna ɗan gilashi a kan tsiron, a rina shi, a sa a madubin likita. Sai ga ƙwayoyi zagayayyu, kowace da ’yan ramuka farare a cikinta. Ƙwayar jikin kare tana da ƙunshin gado 78, ta wannan tsiro kuwa 57 zuwa 59 ce.

Idan ana son hujjar da ba ta da ja, sai a koma ga DNA, wato sinadarin gado. Akwai wata ƙwayar gado mai suna MYC, aikinta ta umarci ƙwayar jiki ta rabu biyu. In ta wuce gona da iri, sankara kan biyo baya, a kare ko a mutum. A wannan tsiro akwai wani baƙon guntun gado da ya maƙale dab da MYC, kamar tsagen gado a kumatu, kuma lafiyayyen kare ba shi da shi a wurin. Akan yanki ’yar tsoka, a narkar da ita, a tace DNA, a zuba a ’yar kwalbar roba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Na’urar PCR sai ta riƙa zafafawa tana hucewa, sau talatin ko fiye, kowane zagaye guntun da ake nema yana ninkuwa. Daga nan a tura ruwan cikin wani daskararren abu mai kama da kamu, a ba shi lantarki, a haska. Layi ya bayyana a gurbinsa, to tsohon karen nan ne. Bai bayyana ba, sai a nemi wata cutar.

Duk tsufanta, cutar tana jin magani. Allurar binkiristin ta jijiya, sau ɗaya a mako, tsawon mako huɗu zuwa shida, takan narkar da tsiron a yawancin karnuka. Likitan dabbobi ne kaɗai ya kamata ya yi ta, domin in ta zuba a wajen jijiya tana cin nama. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun saba da irin wannan aiki. Dandaƙa da hana kare yawon dare suna rage yaɗuwarta.

Don haka mai kare, in ka ga jini inda bai kamata ba, kada ka kore shi da dutse ya je ya raba wa karnukan unguwa. Sa masa igiya ka kai shi asibitin dabbobi. Wanda ya kwana yana haushi domin ka yi barci ya cancanci allura shida.