Yadda na'ura ke gano kuskure a lambar waya da ta asusun banki

A lokacin kakar tumatir, 'yan kasuwa da yawa a Kwanar Gafan kan biya manoman Kura da Bunkure da Madobi ta hanyar tura kuɗi a waya ko ta masu POS. Kuskuren lamba ɗaya kan sa kuɗin kwando goma ya faɗa asusun wani daban. To, ta yaya na'ura ke gane an yi kuskure?

Masana kwamfuta suna ɗaukar dukkan lambobin da suka halatta a matsayin harshe mai ƙa'idojinsa. Lambar wayar salula a Najeriya tana da lambobi 11, tana farawa da 0, sai 7 ko 8 ko 9. Duk wadda ta saɓa wa haka ba ta cikin harshen.

Tsarin da ke tantance wannan ana kiransa otomata. Ku kwatanta shi da ƙofofin magudanar da ke kai ruwan madatsar Tiga gonakin Kadawa. Ƙofar farko ba ta buɗewa sai ga 0, ta biyu sai ga 7 ko 8 ko 9, haka har ta goma sha ɗaya. Idan lambobi suka gaza ko suka yi rara, na'ura ta ƙi karɓa.

A 1965, masanin lissafi na Rasha, Biladimir Lebenshten, ya auna tazarar kalmomi da kurakurai iri uku: tsallake harafi, ƙara harafi, da sauya shi da wani. Ƙofofinmu na kama biyun farko, domin tsawon lambar ya canza. Na ukun kuwa yakan sulale, idan aka buga 6 a maimakon 5 a tsakiyar lamba.

Shi ya sa lambar asusun banki ta NUBAN, mai lambobi 10, take da mai gadi: ana lissafo lambar ƙarshe daga sauran tara da lambar bankin. Katin ATM ma yana da irin wannan lissafi, mai kama duk kuskuren lamba ɗaya, amma ba ya gane an juya 09 ya koma 90. Lambar waya kuwa ba ta da mai gadin ko kaɗan.

Don haka ɗalibai, idan Baba ya ce ku tura masa kuɗi, ku karanta sunan mai asusun da ya fito kafin ku danna. Haka kuma ku sake duba lambar NIN sau biyu kafin rajistar JAMB.