Yadda Zuciya Take Auna Jinin Jiki

Mai karatu, jinin da ke jikin babban mutum kamar lita 5 ne. Yana ɗan ƙaruwa in ka sha ruwa da yawa, yana raguwa in ka yi gumi a gona. To, wa yake faɗa wa jiki cewa jini ya ƙaru ko ya ragu? Zuciya tana cikin masu faɗa.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Jinin da ya dawo yana fara shiga ɗakunan sama. A bangonsu akwai waɗansu jijiyoyi sirara ƙwarai. Ba jijiyoyin jini ba ne, na kai saƙo ne. Ka dubi salka: in ta cika fatarta tana miƙewa, in ruwa ya ragu sai ta saki. Haka bangon zuciya yake. In ya miƙe, jijiyoyin nan su yi ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In ya saki, saƙon ya ragu.

Idan saƙon ya ce jini ya yi yawa, ƙwaƙwalwa takan rage wani sinadari mai sa ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya ƙaru. Zuciya kuma takan ƙara sauri don ta tura jinin gaba. Wani masani a Ingila, Francis Bainbridge, shi ya nuna wannan a 1915.

Idan kuwa jini ya ragu, ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, ƙishirwa ta taso. Abin da kake gani ke nan a zafin watan Maris a Partago. Amma ƙoda tanadi kawai take yi, ba ta haifar da ruwa. Yaro mai zawo wanda ya daina fitsari yana bukatar ruwan gishiri da sukari, wanda ake rubuta SRO a ƙunshinsa, kuma a kai shi asibiti.

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu, wato mai jego.

Mace mai ciki jininta yakan ƙaru da kusan rabi. Bayan haihuwa jiki yakan fitar da rarar ruwan ta fitsari da gumi. A daidai wannan lokaci ne ake ba ta kunun kanwa. Iyayenmu mata da ƙauna suke yi, don ta sami nono da ƙarfi. Sai dai kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana riƙe ruwa cikin jini. Zuciya tana cewa a rage, kunu yana ƙarawa kullum.

A Zariya ta Nijeriya, cikin shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi matan Hausawa masu yawa waɗanda zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa. Sun ga ciwon yana tafe da shan kanwa, da wankan jego da ruwa mai zafi ƙwarai, da kwanciya a gadon wuta. Zafi yana ƙara wa zuciya aiki, kanwa tana ƙara mata kaya. Ba kowace mace ce ke kamuwa ba, kuma akan sami ciwon ga wadda ba ta sha kanwa ba. Duk gidan da ke bin al'adar nan, a zangon Djougou ko na Parakou, maganar ta shafe shi.

Abin da ya sa ciwon ke da wuya shi ne, idan bangon zuciya ya daɗe a miƙe, jijiyoyin nan sukan gaji da faɗa. Sai ƙoda ta ci gaba da riƙe ruwa alhali jiki ya cika. Ruwan ya sauka ƙafafu, ya taru a huhu.

Saboda haka a dama wa mai jego kunu ba kanwa, a sassauta gishiri da dunƙule a miya, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai.

Ke mai jego, da kai maigida, ku lura. In ƙafafu sun kumbura, ko numfashi ya yi wuya in an kwanta, ko tari ya hana barci da dare, kada a jira kwana arba'in su cika. A je asibiti ran nan. Akwai magani mai sa ƙoda ta fitar da ruwan, kuma mata da yawa suna warkewa in an zo da wuri. Ku faɗa wa likita ranar haihuwa, da irin kunun da take sha.