Masu Agashe na Sinnar da Maiwurno

Wanda ya je Sinnar yawon buɗe ido ba ya rasa abin kallo. Za a kai shi madatsar ruwan da aka kammala a 1925, mai tsawon kusan kilomita 3, wadda ta tare Shuɗin Nilu ta karkata ruwansa zuwa gonakin Jazira. Za a nuna masa kufan tsohuwar Sinnar, inda sarakunan Funj suka yi mulki tun 1504 har 1821 da rundunar Muhammad Ali na Masar ta shigo. A yamma akwai Jabal Moya, dutsen da Baturen nan Henry Wellcome ya yi haƙe-haƙen tarihi a kansa daga 1910 zuwa 1914. In rani ne kuma aljihu da nauyi, sai a nufi gandun dajin Dindir da aka keɓe tun 1935 a kan iyakar Habasha, a ga ɓauna da gwanki da bika, mai sa'a har zaki. Duk waɗannan na rana ne. Da la'asar ta yi sakaliya, ƙura ta kwanta, sai wani hayaƙi mai ƙanshin gyaɗa da citta ya fara tashi a bakin kasuwa da tashar mota da hanyoyin da ke gangarawa kogi. Masu agashe sun hura wuta.

Agashe shi ne tsirenmu, da sunan da duk Sudan ta san shi. Ka tambayi kowane ɗan ƙasar daga ina ya samo asali, zai ce maka na Hausawa ne, ba gardama. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta kawo shi, wadda kakanninmu suka yi ƙarnuka suna bi ta Barno da Wadai da Darfur, wasu su kai Makka, wasu guzuri ya ƙare su tsaya neman na gaba har zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas. Wajen 1906 suka iso bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar a kan hanyar Sinja. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ƙauyukan Hausawa da Fulani suka yawaita tun daga Wad Madani har Rusairis. Manoma sun zo da fartanya, masunta da taru, malamai da allo. Mahauta kuwa da wuƙa suka zo.

Mutane suna yawan cewa sirrin agashe a yaji yake, kuma masu sana'ar ba sa musantawa, don ɓoye haɗin yaji yana ƙara musu kwarjini. Ni dai a ganina wuƙa ce gaba da kome. Aikin yana farawa tun da sassafe a mahauta. Mai agashen da ya san darajar sunansa ba ya aiken yaro sayen nama. Da kansa yake zuwa, ya danna tsoka da yatsa ya ga ko za ta dawo, ya duba launin kitse, ya zaɓi cinyar bijimi ko naman gadon baya inda jijiya ba ta da yawa. In ya koma gida sai ya zauna a inuwa da katako a gabansa. Zai ɗora gudan tsoka, ya dafe ta da tafin hagu, ya shigar da wuƙar a kwance, yana ja yana buɗewa, yana ja yana buɗewa, har dunƙulen da bai fi dunƙulen hannu ba ya koma falle mai faɗi. Kaurin dole ya zama ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Inda ya yi kauri zai fito ɗanye, inda ya yi siriri zai ƙone, kuma mai saye zai gane da haƙorin farko. Kowace jijiya sai an bi ta an zare. Abin da aka zare ba a zubarwa, na miyar gida ne.

Sai sukan tsinke. Ba cusa nama ake yi ba, saƙa shi ake yi: tsinken ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa, ya sake shiga, har fallen ya miƙe a buɗe ba tare da ya naɗe ba. Wasu sukan sa ɗan kitse a tsakiya don ya riƙa shayar da naman in wuta ta kama. Yaron da ke koyon sana'a yakan daɗe a wannan mataki, da wankin tire da fiƙe tsinke da yankan albasa, kafin a bar shi ya taɓa wuƙar feɗa. Maigidansa ba mugunta yake masa ba. Cinya guda in aka ɓata ta, ribar kwana da kwanaki ce ta tafi.

Akwai rabin aikin da mai saye ba ya gani, domin a cikin gida ake yin sa, kuma mata ne ke yi. Su ne ke soya gyaɗa, su murje ɓawonta, a niƙa, su matse man har tunkuza ta bushe, su toya ƙuli-ƙuli, su daka shi ya zama gari. Gyaɗar ba daga nesa take zuwa ba, tana cikin abin da ake nomawa a gonakin Jazira da na Rahad. In ba a matse man da kyau ba, garin zai dunƙule a jikin nama ya yi baƙi kafin cikin ya nuna. A cikin garin nan ake zuba citta da kanumfari da masoro da barkono da gishiri, kowane gida da nasa awo. Mai agashe zai shafa wa naman mai, ya birkiɗa shi cikin garin, ya danna da tafi har ya kama ko'ina, ya jera a tire ya rufe saboda ƙuda, ya bar shi ya sha. Duk tukubar da ta yi suna a gari, akwai wata mata a bayanta da turmi da taɓarya, kuma da wuya ka ji an ambace ta.

Wutar ma da nata ilimi. Agashe na asali ba a ɗora shi a kan waya. Ana tara yashi, ko a ƙasa ko a kan teburin ƙarfe, a hura gawayi a tsakiya, sannan a kafa tsinkayen a kewaye, kowanne ya ɗan sunkuya wajen garwashi. Zafi ne ke gasa naman, harshen wuta ba ya taɓa shi, kitsen da ke ɗiga kuma yashi yake faɗawa, don haka babu hayaƙin ƙauri. Gawayin bagaruwa da na dushe aka fi so saboda suna riƙe wuta, kuma dazuzzukan bagaruwa na bakin kogi tsakanin Sinnar da Rusairis sanannu ne. Iskar kogi kan kaɗa wutar gefe guda, sai ka ga mai agashe yana cire na nan yana mayarwa can, yana juya wannan, yana yayyafa wa wancan mai, idonsa a kan wuta bakinsa yana ciniki. Da mai saye Larabci yake yi, shi kuma yana kiransa ya Hajj ko da bai taɓa ƙetare Bahar Maliya ba. Da yaronsa kuwa Hausa ce zalla. “Kai, ɗauke na gefen iska kafin ya ƙone.” “To, Baba.”

In ya nuna sai a zare shi daga tsinke, a yayyanka, a barbaɗa sauran garin yaji, a sa albasa da lemun tsami a gefe, da burodi. Mutanen Sudan ba su saba cin abinci ɗaiɗai ba, saboda haka tire guda ake ajiyewa a tsakiya, duk wanda ya gitta kuma sai an ce masa bismilla. Kusa da tukuba ba a rasa mai shayi da ƙananan kujerunta da tukunyar jabana ta gahawa, wani wurin har da mai godogodo, wato kunun gero da nono da shi ma Hausawa suka kawo. Sana'o'in nan jingine suke da juna: mai agashe ya tara mutane, mai shayi ta zaunar da su. A garuruwan bakin kogi irin Sinnar da Sinja da Rusairis, inda Hausawa suka yi fice a su, ana yin agashen kifi, kuma na kaza ya samu karɓuwa sosai a birane. Ban raina su ba, amma na sa shi ne ke nuna gwanintar hannu.

Mai wannan sana'a ya fi kowa sanin kalandar garinsa. Daren Alhamis da yinin Juma'a kasuwa ce, don iyalai na fitowa shan iska a bakin ruwa. Da azumi sai bayan tarawihi ake cika. Ƙaramar Salla ita ce babbar kakarsa, mutanen Khartum sun dawo gida da kuɗi a hannu, yara sun sha sababbin kaya, kowa yana son ya fita da baƙinsa. Babbar Salla kuwa hutu ne na dole, kowane gida da ragonsa. Da kaka, in an sayar da riɗi da dawa da auduga, har ɗan ƙwadago yakan tsaya ya sayi tsinke biyu. Damina ce mai wuya: baƙar lakar ƙasar nan takan riƙe mota, hanyar Dindir ta rufu sai rani, gawayi ya jiƙe, ƙuda ya yi yawa, hadari ya taso ana tsakiyar ciniki a watse. Naman da aka riga aka birkiɗa a gari ba ya jiran gobe. Don haka lissafin da ya fi kowanne wuya shi ne na safe, a gaban mahauci: yau kilo nawa gari zai ci? Wanda ya sayi kaɗan ya kori masu saye tun kafin isha'i, wanda ya zarce ya kwana da asara. A 2017, da aka ba Sinnar matsayin babban birnin al'adun Musulunci na shekarar, an yi ta maganar masallatai da ƙubbobin shehunai da tarihin Funj, kuma sun cancanta. Na so a ce an ba tukuba ita ma wuri a irin wannan baje koli, domin tana cikin abin da baƙo ke tunawa in ya koma gida.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yau agashe abincin ƙasa ne. Ana sayar da shi a manyan gidajen abinci, ana kai shi biki, 'yan Sudan mazauna Alƙahira da Riyad suna neman sa in kewar gida ta taso. Hakan daidai ne, don masu yin sa 'yan Sudan ne, a nan aka binne kakannin kakanninsu. Amma an daɗe ana cin naman ana yi wa mai gashin kallon baƙo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa suna ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar jikokin mutanen Burmi da dubban masu cirar audugar Jazira a waje. An sassauta dokar daga baya, sai dai sunan Fallata da Takari da ake kiran su da shi bai daina zama abin gori a bakin wasu ba. Da yawa daga cikin ma'aikatan gonakin sun rayu a matsugunan da ake kira kambo, babu ruwan famfo babu takardar fili. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwa suka mutu, dubun dubata suka bar gidajensu, wasu suka fake a jihar Sinnar. Wanda ya ci agashe ya yaba, ya kamata ya san wannan ma.

Sannan yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ya zo ya haɗa kowa. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, Sinja a Yunin 2024. Birnin Sinnar bai faɗi ba, amma ya cika da 'yan gudun hijira, hanyoyinsa suka yanke, kuma a Satumbar 2024 aka yi wa kasuwarsa ruwan harsasan igwa, mutane da dama suka rasu. Sojojin gwamnati sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani a Janairun 2025. A irin wannan hali ba mai zancen yawon shan iska. An kore shanu, nama ya yi tsada, takardar kuɗi ta yi ƙaranci har cinikin tsinke biyu ya koma ta manhajar Bankak a waya, in akwai intanet.

Abin da ke taimakon sana'ar shi ne jarinta ba shi da nauyi. Wuƙa, katako, tire, yashi, buhun gawayi, da mahaucin da ya yarda ya ba ka cinya da safe ka biya da dare. Wannan amanar ta fi sauran kayan wuyar samu a garin da ba a san ka ba, kuma a nan zumuncin Hausawa ke aiki: in mutum ya sauka Gadarif ko Kasala ko Fot Sudan, unguwar 'yan uwansa yake nema, wani dattijo ya kama hannunsa ya kai shi mahauta ya ce na tsaya masa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da ya yi nisa a koyo, ya gama da tsinke da albasa, ana gab da miƙa masa wuƙa, sai gudu ya raba shi da maigidansa. Zai iya kafa tasa tukubar a duk inda ya tsinci kansa, kuma yunwa za ta sa a saya. Amma feɗa ba a koyon ta da ka. Sai an zauna kusa da wanda ya iya, an ɓata nama a gabansa, ya karɓi wuƙar ya gyara, ya mayar maka ka sake.