Yaronki da Tamaula

 Yau zancen tamaula na zo da shi, watau ƙwallon ƙafa. Na san wata za ta ce ina ruwan matar aure da wasan maza? To, ku saurara ku ji.

Ran nan na taso daga makaranta a nan Mashi, sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a zaure. Ta ce, "Malama, jikan nan nawa ya ƙi boko, ya ƙi allo, kullum yana fili. Ga shi wani mutum ya zo daga birni, ya ce in na sayar da awakina na ba shi kuɗin, zai kai yaron Turai ya zama kamar Ahmed Musa." Na ce, "Inna, kada ki sayar da ko kaza tukuna, bari mu bi sawun Ahmed Musan mu ga yadda ya isa can." Abin da na gaya mata shi zan gaya muku.

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ce ta ɗauki wahalar renonsa. Ya koyi wasa a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa ƙungiyar JUTH ta Jos, sa'an nan ya zo Kano Pillars. A kakar wasan 2009 zuwa 2010 ya jefa ƙwallo 18 a raga, ya fi kowa a gasar Nijeriya duka. Watau a gida aka fara ganin aikinsa, a gaban dubban jama'a.

Daga nan ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta neme shi. Amma duk da haka sai da ya jira ya cika shekara 18 cikin Oktoba 2010 kana ya fara buga musu. Dalili kuwa, hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai bisa waɗansu 'yan sharuɗɗa kaɗan. Ki riƙe wannan da kyau. Wanda duk ya ce zai kai miki ɗan shekara 14 ƙungiyar Turai, ki tambaye shi ta wace ƙofa.

A 2011 Ahmed ya tafi ƙasar Kolombiya tare da Flying Eagles, ƙungiyar Nijeriya ta samari 'yan ƙasa da shekara 20. Ya ci ƙwallo 3 a gasar, kafin Faransa ta fitar da mu da ci 3 da 2. Irin wannan gasa ta samari ita ce kasuwar da manyan ƙungiyoyi ke aiko da masu duba yara, kuma Nijeriya ta daɗe da suna a cikinta. Gasar duniya ta yara ta farko a ƙasar Sin aka yi ta a 1985, yaranmu ne suka ɗauko kofin bayan sun ci Jamus ta Yamma 2 da nema a birnin Beijin. Sun sake ɗaukarsa a 1993, da 2007, da 2013, da 2015. Amma ki lura, kowane zuwa yara wajen ashirin a ke ɗiba a ƙasa duka, cikinsu ma 'yan kaɗan ne a ke sake jin sunansu bayan sun girma.

A farkon 2012 Ahmed ya koma CSKA ta birnin Mosko, inda suka ci gasar Rasha sau 3. Ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar duniya ta 2014, ya ci Aisland 2 a ta 2018. Amma fa hanyar ba duka ce sumul ba. A 2016 Leicester ta Ingila ta saye shi fam miliyan 16 da 'yan kai, abin bai karɓe shi ba, ya sha zaman benci har aka mai da shi Mosko aro. Ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya a 2018, suka rabu a 2020, ya yi watanni ba ƙungiya, sai a 2021 ya komo Kano Pillars na ɗan lokaci. In wanda ya fi kowa sa wa Nijeriya riga ya ga irin wannan, ina ga yaron da ba a san shi ba ko a Daura?

Tun da mun ambaci Sin, ga labarin wani ɗan wasansu, Wu Lei, wanda aka haifa a 1991 a Nanjin. Yana ɗan shekara 12 ya shiga makarantar ƙwallo ta Xu Genbao a tsibirin Chongming, kusa da Shanghai. Ya fara buga wa ƙungiyar manya a 2006 bai cika 15 ba, ya kuma buga wa ƙungiyoyin samarin ƙasarsa. Duk da wannan baiwa, ya zauna wuri guda fiye da shekara 12, har ya ci ƙwallo 27 a 2018, ƙungiyarsa ta ɗauki kofin ƙasa. Sai a 2019, yana da shekara 27, ya tafi Espanyol ta Sifen, ya komo gida a 2022. Sannu ba ta hana zuwa.

To, uwargida, ga shawarata. Kada ki hana yaro wasa, gama yana ƙara lafiya, yana kuma raba shi da zaman banza da miyagun abokai. Amma ki tsara masa: makaranta da safe, allo a lokacinsa, fili da la'asar. Sana'ar ƙwallo gajeruwa ce, yawanci mutum na wuce shekara 35 ya sauka, karaya ɗaya kuma tana iya tsai da ita tun ba a je ko'ina ba. Kuma ɗan wasa takardar yarjejeniya ya ke sa wa hannu. In bai iya karatu ba, wani zai karanta masa, ya ci rabonsa. In yaron gwani ne, ya fara da wasannin makaranta da na gari, ga Katsina United nan kusa da mu. Ƙungiyar kirki ita ke biyan ɗan wasa, ba ta karɓar awakin kakarsa. Kada kuma ki yarda a rage masa shekaru a takarda, gama tun 2009 a ke gwada ƙashin wuyan hannun yara da na'ura a gasar 'yan ƙasa da 17.

Ku kuma 'yan makaranta mata, ku ne idon iyayenku da ba su yi karatu ba. In baƙo ya kawo takarda gidanku, ku karanta musu ita a bayyane, ku ce a kai wa maigida da hedimasta su gani kafin kwabo ya fita.

Inna dai awakinta na nan a turke, jikan kuma ya koma aji, da sharaɗin za a saya masa takalmin ƙwallo in ya ci jarrabawa. Allah ya shirya mana zuriya, amin.