Ciwon da Ake Kwasowa a Wurin Neman Abinci

Duk mai walda a Sabon Garin Zariya ya san wannan daren. Da rana ba a jin komai. Sai can tsakar dare mutum ya farka, idanu sun kaɗa jawur, hawaye na zuba, kamar an watsa masa yashi a ciki. Hasken walda ne ya ƙone saman ƙwayar ido, amma zafin ba ya tasowa sai bayan sa'o'i. Wani ya ɗiga madara, wani ya jiƙa tsumma ya ɗora, gari na wayewa a koma bakin aiki da baƙin tabarau na gayu. Wannan ciwon yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya fi shi haɗari shi ne hayaƙin da ake shaƙa shekara da shekaru, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a 2017 cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na huhu.

Kada a ce rashin sani ne. Farfesa Kabir Sabitu na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2009 kan masu walda 330 a cikin garin Kaduna. Sama da kashi uku cikin huɗu sun san sana'arsu na da haɗari, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke sa wani abin kariya. Wanda abincin gidansa na yau ya rataya a kan ƙofar da zai gama kafin la'asar, lissafinsa daban yake da na mai ba shi shawara.

Tun da layin dogo ya ratsa Zariya a 1911, Sabon Gari ya zama matattarar masu aikin hannu. Akwai 'yan katako da ke wuni cikin ƙurar zarto, akwai masu fentin mota da ke shan madarar gwangwani bayan an tashi, wai ta wanke ƙirji, alhali abin da aka shaƙa huhu ya tafi, madara kuwa ciki. Ka tsaya gaban injin niƙa a kasuwar Samaru, ka ga yaro ya yi fari fat da gari har gashin ido, kana faɗa masa mudu nawa ne kana ɗaga murya, shi kuma bakinka yake kallo. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in ana jin ta awa takwas kullum, tana cinye ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Alamarta mai sauƙi ce: in sai ka yi ihu kafin wanda ke dab da kai ya ji, to an kai wurin.

Yawancin waɗannan mutane, ranar da jiki ya ƙi, asibiti za su je, a tambaye su inda ke ciwo, a rubuta magani, su koma inda suka kwaso ciwon. Nan ne labarin wata ma'aikatar ɗab'i a birnin Osaka na ƙasar Japan yake da amfani gare mu.

A 2012 ya bayyana cewa ma'aikatan wannan wuri suna kamuwa da ciwon dajin bututun matsarmama, ciwon da aka fi sani ga tsofaffi, su kuwa shekarunsu tsakanin 25 da 45 ne. Kowannensu ya yi jinyarsa shi kaɗai, kuma ga likitan da ya duba shi, mutum ɗaya ne da ƙaddara ta faɗa wa. Sai da wani mai bincike, Shinji Kumagai, ya bi sawun maza 62 da suka yi aiki a ɗakin buga gwaji, ya tarar 11 daga cikinsu sun kamu. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, iska ba ta fita yadda ya kamata, kuma sun yi shekaru suna goge tawada daga inji da wasu sinadarai masu saurin tashi. A watan Maris na 2013 gwamnatin Japan ta amince cewa ciwon aiki ne, a 2014 kuma aka saka ɗaya daga cikin sinadaran a jerin masu haddasa ciwon daji. Babu wata sabuwar na'ura da ta gano wannan. An dai jera sunayen marasa lafiya ne kusa da sunan wurin aikinsu.

Japan ta daɗe tana wannan jerawa. Dokarta ta 1972 ta wajabta wa duk wurin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya naɗa likitan ma'aikata, kuma ana duba lafiyar ma'aikaci duk shekara. A 1978 aka buɗe jami'a sukutum a Kitakyushu don horar da irin waɗannan likitoci. Da mutane suka riƙa faɗuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki saboda yawan aiki, an ƙirga, an kafa doka a 2014, daga 2019 kuma aka ƙayyade aikin bayan lokaci zuwa awa 45 a wata in ba da dalili na musamman ba. Duk da dokar 1972 abin Osaka ya auku, domin doka ba ta shiga ɗakin da ba a leƙa ba.

Ba na ganin za mu iya kwafar tsarinsu. Shagon walda a Sabon Gari maigida ne da yara huɗu, babu takardar ɗaukar aiki balle albashi. Dokar masana'antu ta 1987 da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, da wuya su isa ga yaron da ke koyon sana'a a gindin bishiya. Amma tambaya ba ta cin kuɗi. Tun 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar marar lafiya sana'arsa. Abin da nake nema a ƙara shi ne a rubuta amsar da kyau. "Ɗan kasuwa" ko "mai aikin hannu" ba amsa ba ce. Wane aiki, da wane sinadari, shekara nawa, a cikin ɗaki ko a fili? Mai fasa dutse da ya zo da tari da ramewa, in ba a san aikinsa ba, tarin fuka kaɗai za a nema, alhali ƙurar dutse tana taurara huhu, kuma ita kanta tana buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Mun ɗanɗana kuɗar rashin wannan tambaya a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyaye ne ke kawo duwatsun zinariya gida a daka a tsakar gida, yara na wasa cikin ƙurar. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da aka dubi abin da gidajen ke yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da wuya a sami garin da ya kai Zariya kayan aikin wannan hidima a Arewa. Jami'a tana Samaru tun 1962, asibitin koyarwa yana Shika, cibiyar binciken aikin gona da ta san magungunan feshi ciki da bai tana nan, ga cibiyar nazarin jima da sarrafa fata, ga ta binciken sinadarai a Basawa, ga ta tarin fuka da kuturta a Saye. Tsakaninsu da rumfunan Sabon Gari tafiyar Keke Napep ce. Masu sana'ar kuma ba a warwatse suke ba. Masu walda, makanikai, 'yan katako, masu niƙa, kowa da ƙungiyarsa da shugabanta da littafin karo-karo. Shugaban ya san wanda ya daina zuwa saboda ƙirji, ya san wanda aka yi wa jana'iza bara da irin aikin da yake yi.

Ɗaliban likitanci suna shiga kasuwa da takardun tambayoyi, su rubuta kundin kammala karatu, a ajiye a kanta. Binciken rana ɗaya ba zai taɓa nuna irin abin da aka gani a Osaka ba, domin irin wannan ciwon aiki yakan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin ya fito. A zaɓi ƙungiya ɗaya, ko ta masu fenti ce, a rubuta mambobinta, a riƙa auna numfashinsu da jinsu da hawan jininsu duk shekara, ajin bana ya miƙa wa ajin baɗi littafin. Sakamakon kuma a kai shi taron ƙungiya, a karanta da Hausa, mai shago da yaransa suna zaune.