Magani Ɗaya, Jini Daban-daban: Zazzaɓin Cizon Sauro da Gadon Halitta a Masaka

Masaka tana bakin titin Abuja zuwa Keffi, a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, amma yawancin mazaunanta a Abuja suke neman abinci. Tsadar haya ce ta turo su, suka cika Mararaba da Ado da Masaka, Gbagyi da Gwandara da Hausawa da Fulani da Eggon da Tibi da Ibo da Yarabawa a layi ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Da damina ta sauka, kwatoci suka cika, zazzaɓi ba ya tambayar ƙabila. Kowa ya nufi kemis, a miƙo masa kwali iri ɗaya. Sai dai sakamakon ba ɗaya ba ne. Wani ya miƙe cikin kwana uku, wani ya kwana yana amai, wani zazzaɓin ya dawo masa bayan mako biyu, sai ka ji ana cewa maganin bai karɓe shi ba. An daɗe ana ɗaukar wannan magana a matsayin camfin marasa ilimi, alhali binciken shekaru saba'in ya nuna akwai gaskiya a cikinta, gaskiyar da Nijeriya ba ta sa a lissafin rabon magani ba.

Dalilin bambancin tsoho ne. Zazzaɓin cizon sauro ya yi dubban shekaru yana kashe yara a Afirka, waɗanda suka tsira kuwa suka gadar wa zuriyarsu abin da ya tserar da su. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai jinin AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓi mai tsanani. Babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a Garki daga 1969 zuwa 1976, Garkin da yau ke jihar Jigawa ba ta Abuja ba, ya tabbatar da hakan a ƙauyukan Hausawa. Kuɗin da aka biya na wannan kariya shi ne ciwon sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. A 1996 kuma David Modiano da abokan aikinsa suka gano a Burkina Faso cewa Fulani ba sa kamuwa kamar maƙwabtansu Mossi, duk da cewa sauro iri ɗaya ke cizon su. Idan har gadon jini ya bambanta mutane wajen ɗaukar cutar, ba abin mamaki ba ne ya bambanta su wajen ɗaukar maganinta.

Misali mafi ƙarfi shi ne ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. An gano shi a Amurka a 1956, bayan an lura cewa maganin primaquine yana sa jinin wasu baƙaƙen fata ya ragu farat ɗaya. Mutane kusan miliyan 400 ke da wannan ƙaranci a duniya, ya fi bayyana ga maza domin ta wajen uwa suke gadonsa, kuma a Nijeriya fiye da namiji ɗaya cikin goma ne ke ɗauke da shi. Mai shi lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dako, har ranar da wani magani zai shiga jikinsa. Bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ɗorawa, tafin hannu ya yi fari, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, numfashi ya riƙa sama-sama. A gida sai a ce shawara ce, a nemo saiwa da ganye. Wannan ƙarancin ne kuma ke sa wasu jarirai shawara mai tsanani idan aka sa musu kayan da aka adana da kafur, abin da likitocin yara a ƙasar nan suka daɗe suna gargaɗi a kai. Wannan ba tarihi ba ne kawai. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya janye Lapdap, magani mai araha da aka haɗa musamman domin Afirka, bayan gwajin da aka yi a ƙasashe da dama har da Nijeriya ya nuna dangin maganin na zubar da jinin masu ƙarancin G6PD. An yi asarar shekaru da dukiya domin ba a ba wa gadon jinin waɗanda za su sha maganin nauyin da ya kamata ba tun farko.

Akwai kuma hanta, inda ake sarrafa magani. Sinadarin CYP2C8 ne ke narkar da maganin amodiaquine, kuma akwai wani nau'insa mai jinkirin aiki da ya yawaita a tsakanin 'yan Afirka, ya yi ƙaranci ƙwarai a Turai. Wani bincike da aka buga a 2007 kan marasa lafiya a Burkina Faso ya nuna masu wannan nau'in sun warke kamar kowa, amma sun fi kukan ciwon ciki. Wannan ya shafi Masaka kai tsaye. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi duk wata a lokacin damina, an fara a Katsina a 2013, yanzu shirin ya kai Nasarawa da Abuja, kuma amodiaquine na cikin haɗin da ake rabawa gida-gida. Shirin ya ceci yara masu yawa, babu jayayya. Amma uwar da ɗanta ya yi amai ya kwanta bayan ƙwayar farko, wata mai zuwa za ta ce wa masu rabo ya tafi ƙauye. Haka aka yi da chloroquine, wanda ƙaiƙayinsa ya fi addabar baƙar fata: mutane da yawa suka riƙa yanke shansa a tsakiya. Illar da ba ta kisa tana iya rusa shiri idan ta sa jama'a suka guje shi.

Mai suka zai ce duk wannan almubazzaranci ne da tunani, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. A ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, abin da ya fi hana magani aiki a Masaka ba ƙwayoyin halitta ba ne. Akwai jabun magani. Akwai wanda ya sha ba tare da gwaji ba, alhali taifot ne ko mura ke damunsa. Haɗin artemether da lumefantrine, wanda Nijeriya ta koma kansa a 2005 bayan chloroquine ya daina aiki, sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma yana bukatar abinci mai maiƙo ko madara kafin jiki ya tsotse shi sosai. Lebura da zai fita da asuba ya kama motar Nyanya, ya sha sau biyu da ruwan leda a kan cikin da ba komai, ya ji dama-dama, ya ajiye sauran domin gaba. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya kamata a fara gyarawa. Sai dai ba ya kore batun gado, ƙara masa nauyi ma yake yi. Inda ake shan magani barkatai ba likita ba gwaji, a nan ne mai ƙarancin G6PD ya fi shiga haɗari, domin babu wanda zai gane abin da ke faruwa da shi. Kuma duk jikin da maganin bai kai ƙarfin da ake bukata a cikinsa ba, ko don rashin cika ƙa'ida ko don yadda hanta ke aiki, fili ne da ƙwayar cutar ke koyon bijirewa. Ita ma tana da nata gadon: sauyin da ke rage ƙarfin maganin artemisinin, wanda ya fara a Kambodiya, an tabbatar da irinsa a Ruwanda a 2020, sannan a Uganda da Eritiriya.

Suka ta biyu ita ce kuɗi: wa zai biya a karanta ƙwayoyin halittar kowane mai zazzaɓi? Babu mai hankalin da ke neman haka. Amfanin binciken a ƙasa irin tamu yana wajen tsara manufa: a san yawan masu kowane nau'i a cikin jama'a, a san wane magani za a saya da miliyoyi, wane kuma sai an yi gwaji kafin a ba da shi. Gwajin G6PD da ɗigon jini ake yi, sau ɗaya a rubuta a katin yaro ya wadatar. Maganin tafenoquine da Amurka ta amince da shi a 2018 ba a ba da shi sai da wannan gwajin, wato duniya ta riga ta kama wannan hanyar. Matsalar ita ce bayanan da ake dogaro da su ba namu ba ne. Ƙididdigar da aka yi a 2016 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 3, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin gado. Ko a cikin gida, abin da aka samu a Ibadan ba lallai ya zama na Bafulatanin Keffi ko Bagwarin Karu ba.

A nan ne cakuɗuwar Masaka ta zama dama. Garin yana tsakanin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi da Jami'ar Bingham a Karu, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, da hedikwatar shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na ƙasa a Abuja. Da wuya a samu wurin da ya tara jinin sassan Nijeriya a kusa da masana haka. Sharaɗin shi ne a yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, a nemi izininsu, a kuma dawo musu da sakamako, domin Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a Kano a 1996 ba, kuma duk wanda ya ɗebi jini a ɓoye zai ɓata wa na bayansa hanya. Ya kamata ma'aikatun lafiya na Nasarawa da Abuja su sa gwajin G6PD cikin abin da ake yi wa jarirai tare da na sikila, su kuma umarci masu rabon maganin damina su riƙa rubuta duk yaron da ya yi amai ko fitsarinsa ya sauya launi. Iyaye kuma, duk wanda ya ga fitsarin ɗansa ya yi duhu ko idonsa ya yi ɗorawa bayan shan magani, ya dakatar da maganin, ya kai shi asibiti a ranar tare da kwalin.