Tafiya Gabas: Ba A Zama Gaban Malami Sai Da Shiri

Duk shekara idan an gama girbi, hunturu ya fara busawa, motocin da ke shiga Maiduguri ta hanyar Damaturu sukan sauke waɗansu fasinjoji waɗanda ba su da kaya sai allo da tabarma da ɗan kwano. Waɗansu sukan zo tare da malaminsu, waɗansu kuwa an danƙa su ne kawai a hannun direba, aka ce ya sauke su a tasha su nemi unguwar malam wane. Daga Kano zuwa Maiduguri tafiyar kusan kilomita 600 ce, akwai ma waɗanda suka fito daga Sakkwato ko Maraɗi. Wannan ita ce Hausawa suke kira tafiya gabas, kuma tun kaka da kakanni an san duk wanda yake son ya ƙware a Alkur'ani, can yake dosa.

Ba banza ba ne Barno ta sami wannan suna. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 11 Sarkin Kanem, Mai Hume, ya karɓi Musulunci a hannun wani malami mai suna Muhammadu ɗan Mani, tun daga nan kuwa sarakunan ƙasar ba su daina girmama malamai ba. Sukan rubuta wa malami wata takarda da ake kira maharam, wadda take ɗauke masa haraji da fita yaƙi, shi da zuriyarsa, domin ya zauna ya karantar. Haka aka yi a Birnin Ngazargamu, haka aka ci gaba a Kukawa wadda Shehu Laminu ya kafa cikin 1814, har sarautar ta sauka a Yerwa cikin 1907. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, duk da jayayyar da ta shiga tsakanin Sakkwato da Barno, ya yaba wa mutanen Barno a cikin Infaƙul Maisuri saboda kulawarsu da haddar Alkur'ani.

Su kansu Barebari suna da tasu tafiyar gabas, watau zuwa Masar. Masanin tarihin nan na Alƙahira, Al-Maƙrizi, ya ba da labarin cewa bayan shekara ta 640 ta Hijira, watau wajen 1242, alhazan Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar mazhabar Malikiyya, wadda ta zama masaukin mutanensu, suka kuma riƙa aiko mata da gudummawa. Daga baya Jami'ar Azhar ta keɓe wa ɗaliban Barno sashen kwana nasu, ana kiransa Riwaƙul Barnawiyya. Abin lura a nan shi ne, mutanen wancan zamani sun tanadi wurin kwana da abinci kafin su tura 'ya'yansu wata ƙasa, alhali kuwa a kan raƙumi suke ƙetare hamada.

A tsangayun Barno ma haka tsarin yake a da. Uba da kansa yake kai ɗansa, ya gana da malamin, a shafa fatiha, ya ce ga amana nan. Malamin yana da gona, almajirai su yi noma da damina, a zuba hatsi a rumbu, mutanen gari kuma su kawo zakka da sadaka. Kowane ƙaramin yaro yakan sami uwar ɗaki wadda take ajiye masa tuwo. Karatun kuma hawa-hawa ne: daga kolo a zama titibiri, daga nan gardi, wanda yake iya fita kiskadi a bayan gari ya yi tilawa dare da rana. Ba a kiran mutum alaramma sai ya haddace Alkur'ani ya kuma rubuta shi da ka, ba a kiransa gwani, ko goni a bakin Barebari, sai manyan gwanaye sun gwada shi a wurin darasu sun yarda da shi. Wannan hanya takan ci shekara ashirin ko fiye.

Wani abin mamaki shi ne, a can gabas mai nisa akwai waɗansu mutane, waɗanda ba Musulmi ba ne, da suke riƙe da irin wannan tsari har gobe. Su ne masu zuhudu na addinin Buddha. A arewa maso gabashin ƙasar Tailan, a lardin Ubon Ratchathani, akwai wani gidan zuhudu a cikin daji mai suna Wat Pah Nanachat, wanda babban malaminsu Ajahn Chah ya kafa cikin 1975 musamman domin baƙi 'yan ƙasashen waje. Shugaban gidan na farko Ba'amurke ne, sunansa Ajahn Sumedho, kuma da Turanci ake koyarwa a can.

Wanda yake son ya shiga cikinsu ba ya ɗaukar jaka kawai ya faɗa musu. Tilas ne ya rubuta wa mai kula da baƙi tun da sauran lokaci, ya bayyana ko shi wane ne, da abin da ya sani game da addinin, da ranar da yake son zuwa, sa'an nan ya jira amsa. Idan an ba shi izini, da farko a matsayin baƙo zai sauka. Ba a karɓar ko kwabo daga gare shi, amma zai tashi da ƙarfe uku na dare tare da kowa, ya yi shara, ya ci abinci sau ɗaya tak a rana, da safe. Idan zamansa ya wuce 'yan kwanaki sai ya aske kansa. A wannan lokaci su suna duba halinsa, shi ma yana duba nasu, kuma ƙofa a buɗe take in ya ga ba zai iya ba.

In an yarda da juna, sai ya sa fararen tufafi ya yi watanni yana hidima, yana kiyaye dokoki 8. Bayan haka ya zama ƙaramin ɗalibi mai dokoki 10, a nan ne zai daina taɓa kuɗi sam, ya yi wajen shekara guda a haka. Sai bayan wannan duka za a naɗa shi cikakken mai zuhudu, ya ɗauki dokoki 227, kuma ko da an naɗa shi sai ya yi shekara 5 a ƙarƙashin malami kafin a bar shi ya yi zaman kansa. Ta fuskar hukuma kuwa, takardar izinin yawon buɗe ido ba ta isa dogon zama ba, sai gidan ya tsaya masa ya sami bizar da ta dace.

Ranar naɗi akwai tambayoyin da ake yi masa a gaban taro, waɗanda suke cikin littattafansu fiye da shekara 2,000. Ana tambayarsa ko ya cika shekara 20, ko ana binsa bashi, ko yana cikin aikin sarki, ko yana da kuturta ko tarin fuka ko farfaɗiya, ko yana da akushinsa da mayafinsa, da kuma ko iyayensa sun yarda. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da asali. Sun ce lokacin da Buddha ya shigar da ɗansa Rahula cikin zuhudu yana yaro, kakan yaron, Sarki Suddhodana, ya shiga baƙin ciki ƙwarai, ya roƙi kada a sāke karɓar ɗan kowa sai da yardar iyaye, aka kuwa mai da shi doka.

Su ma suna fita bara da asuba, amma shiru suke tafiya a jere, ba sa roƙo da baki, mutanen ƙauye ne suke jiransu a bakin hanya da shinkafa. Gidan ba ya karɓar mutane fiye da waɗanda zai iya riƙewa, shi ya sa ake cewa a rubuto tukuna.

Akwai ɗan Afirka da ya bi irin wannan hanya. An haifi Steven Kaboggoza a Kampala cikin 1966 a gidan Katolika, ya tafi Indiya karatun kasuwanci cikin 1990, a can ya haɗu da waɗansu masu zuhudu 'yan Tailan. Ba a naɗa shi ba sai cikin 2002 a Amurka, watau bayan shekara 12, aka sa masa suna Buddharakkhita. Ya koma gida ya kafa cibiyarsu a kusa da Entebbe cikin 2005.

To, ba a ce tsangaya da gidan zuhudu abu ɗaya ba ne. Aƙida ta bambanta nesa ba kusa ba, Musulunci kuma bai zo da rahbaniyya ba: gwanin Barno yana aure, yana noma, yana ciniki a kasuwa. Amma hikima kayan mumini ce da ya ɓata, duk inda ya gan ta sai ya ɗauka. Idan ƙaton mutum mai shekara 30, wanda ya zaɓa da kansa, sai ya rubuta takarda, an san sunansa da garinsu da lafiyarsa kafin a ba shi wurin kwana, yaya za a ce da yaro ɗan shekara 7 wanda ba a ma tambaye shi ba?

Gaskiyar magana ita ce tsohon tsarin Barno ya sha bugu. Rabe ya ci ƙasar cikin 1893, Turawa suka biyo baya, maharam ya zama takardar tarihi, taimakon fada ya ragu. Tsangayu da yawa suka baro ƙauye suka shigo birni inda babu gona, sai bara ta maye gurbin rumbu. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a Maiduguri cikin 2009 ya kori malaman karkara da almajiransu, suka cunkushe a Gwange da Bulabulin da sauran unguwanni. Cikin 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu, aka kuwa sami waɗansu ɗauke da cutar. Gwamnatin Jihar Barno ta kafa hukumar kula da makarantun Larabci da tsangayu, Gwamnatin Tarayya ita ma ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta cikin 2023.

Amma hukuma ba za ta zama uban kowa ba. Uban da yake nufin tura ɗansa gabas, wajibi ne ya fara zuwa da ƙafarsa ya ga malamin, ya san a hannun wa ya yi karatu, almajirai nawa gare shi, ina suke kwana, me suke ci, wa yake kai su asibiti in zazzaɓi ya kama su. Ya nemi a yi zaman gwaji na wata biyu ko uku, in wurin bai karɓi yaron ba ya dawo da abinsa, babu kunya a ciki. Ya yanka abin da zai riƙa aikawa duk wata komai ƙanƙantarsa, ya kuma sa lokacin ziyara. Yau ga waya a aljihun kowa, ga mota tana zuwa Maiduguri a yini ɗaya. Alhazan Kanem ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma sai da suka gina masauki a Alƙahira kafin su ce wa 'ya'yansu a sauka lafiya.